Kofin da Mama Ta Ƙi Wankewa

Jama'a, ni ba mai rantsuwa ba ne, tun muna yara a makarantar Lahadi aka hana mu, amma Allah da ke ganin zuciya Shi ne shaidata cewa abin da zan ba ku labari da ni ya faru, ba a bas na tsince shi ba, ba kuma wani ne ya ba ni ba. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan ko sha biyu, lokacin ina aiki a wani ɗakin gwajin ƙasa da iri a Samaru, muna haya a hanyar Bomo ni da matata da yaranmu uku. Sujada kuwa a Sabon Gari muke yi, a wata ƙaramar ikilisiya ta masu Hausa, domin a unguwar muka fara zama da muka yi aure, da muka tashi kuma sai muka kasa rabuwa da mutanen. Kowace Lahadi mu hau bas daga Samaru, mu sauka PZ, mu ƙarasa da ƙafa.

Ni ne sakataren dattawan ikilisiyar, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina ji da muƙamin nan. Rubutuna mai kyau ne, kwat ɗina a goge, biro uku a aljihu, baƙi da shuɗi da ja, in na hau karanta sanarwa sai na yi gyaran murya sau biyu kafin in fara, har matata, Maman Alheri, takan ce mini wai ko mai karanta labarai a rediyo bai kai ni yanga ba. Ina ganin kaina mutum mai tsari wanda abu ba ya ɓace masa. Ku riƙe wannan.

Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, bari in ɗan yi bayani. Idan mai bi ya yi laifin da ya fito fili, dattawa kan zauna su sa shi a horo na wasu watanni. Ba korarsa ake yi ba, zai riƙa zuwa sujada, amma a bencin baya zai zauna, ba zai taɓa wani aiki na ikilisiya ba, ranar Jibin Ubangiji kuma, wato Lahadin farkon wata da ake zagayawa da gutsuren burodi da ƙananan kofuna, tire zai wuce shi. In lokaci ya cika aka ga tubansa, sai sakatare ya karanta sunansa a sanarwa, ya taso gaba, fasto ya kama hannunsa, mata su rangaɗa guɗa, ya koma mazauninsa. To a wurin tsofaffinmu, wanda ke horo ba ya zuwa ya tambaya ko lokacinsa ya yi, tambayar ma girman kai ce a ganinsu. Zama yake yi ya jira a kira shi.

Akwai wani tsoho a cikinmu, Baba Iliya, mai gyaran keken ɗinki, rumfarsa na nan cikin PZ. Ɗan gajeren mutum ne siriri, amma in ya buɗe baki a ƙungiyar mawaƙa sai ka waiga kana neman ƙaton da ke da muryar, don kamar daga cikin rijiya take fitowa. 'Yarsa ɗaya ce ta rayu, Laraba, ta kai budurwa sai ciwo ya kama ta, aka yi asibiti har aka gaji. Cikin ruɗewa wani ya ja shi wurin boka a wani ƙauye, ya je, ya karɓo abin da ya karɓo, yarinya kuma ta rasu duk da haka. Ba wanda ya san ya je, ko matarsa ba ta sani ba. Shi da kansa, mako biyu bayan jana'iza, ya zo zaman dattawa ya cire hula ya faɗi abin da ya yi. Wasu cikinmu har sun yi ƙwalla, suka ce a yi masa addu'a kawai a bar zancen, mutumin da ya binne 'yarsa wane horo kuma ya rage masa. Ya ce a'a, a yi masa abin da ake yi wa kowa. Aka yanka masa wata shida.

Wata shida ya cika, muka zauna ranar wata Asabar, ba a yi minti biyar ba aka amince a maido shi. Littafin zama na manta shi a Samaru ranar, sai na yagi 'yar takarda na rubuta, tsohon fastonmu ya sa hannu, na ninke na cusa a aljihun gaba na kwat ɗina mai ruwan ƙasa, da niyyar in na je gida in shigar, Lahadi ta sama in karanta, tunda washegari akwai baƙon mai wa'azi kuma sanarwa ta yi yawa. Ranar Litinin ina shiga ofis aka miƙo mini takardar kwas na wata uku a Ibadan, wai ranar Laraba za mu tashi. Kun san murnar kwas. Na shiga haɗa kaya, na bar wa mataimakina littafi, ban ce masa komai a kan takardar ba don ta fita daga kaina fit. Kafin in dawo an yi wa fasto canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, an kawo sabo.

Da na dawo na ga Baba Iliya a bencin baya. Kun san me na ce a raina? Na ce, oho, ashe tsohon nan ya sake yin wani abu bayan tafiyata. Haka na yanke masa hukunci a tsaye, ban tambayi kowa ba, ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai cewa ni ne ban karanta sunansa ba. Sauran dattawan, wani ya yi ritaya ya koma garinsu, wani ya rasu, waɗanda suka rage kowa ya ɗauka an karanta ranar da ba ya nan, kunya ce ta riƙe tsohon a baya. Sabon fasto kuma ya tarar da mutum a bencin baya ba ya cin Jibi, ya bar abu yadda ya same shi. Haka aka yi shekara bakwai. Shekara bakwai, jama'a, kuma sau da yawa ni ne mai ɗauke da tiren, in zo daidai bencinsa in juya, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ɗora hannu a ƙirji. Bai taɓa fashin sujada ba, ruwa ko rana, kuma in an tashi shi ne zai fara gaishe ni, “Sakatare, barka da hidima.”

Sai wata damina, ranar Alhamis, aka ɗauke wuta a wurin aiki muka tashi da wuri. Na dawo gida wajen ƙarfe uku, na ci abinci, ana yayyafi, na miƙe a doguwar kujera, barci ya kwashe ni. Sai ga ni a cikin majami'armu an tashi sujada, ba kowa, sai wata mata a gaban bagade, wato teburin Jibi, ta durƙusa gaban wata roba tana wanke kofunan Jibi. Tun daga bayanta na gane ta. Mamata ce.

Mamata ta rasu shekara goma sha biyar kafin wannan rana, a ƙauyenmu can gaba da Kachia, kuma har ta bar duniya ba ta taɓa taka Zariya ba. A majami'ar ƙauyenmu ita ce mai wanke kofunan Jibi, ba wanda ya naɗa ta, ita ta ɗauka, kuma ba ta yarda kowa ya taya ta. Tana da tabon ƙuna a bayan hannun dama, man gyaɗa ne ya zubo mata tun tana amarya. Ni kuma akwai sunan da take kirana da shi, Sai-anjima, domin ina yaro duk abin da aka sa ni, ɗebo ruwa ne ko ɗaure awaki, amsata ke nan. Sunan nan na binne shi a ƙauye, kunyarsa nake ji, ko Maman Alheri ban taɓa faɗa mata ba.

A mafarkin tana wankewa tana kifewa a tire, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa, har ta gama duka, saura kofi ɗaya a gefe cike da jan ruwan Jibi, ba ta taɓa shi ba. Na ce mata, Mama, ga ɗaya kin bari. Ba ta ɗago ba ta ce, “Mai shi bai sha ba tukuna.” Sai na farka, ƙamshin sabulun da take wanki da shi a hancina kamar yanzu ta fita daga falon.

Daɗi na fara ji, gaskiya, don na daɗe ban ga fuskarta ba, har na yi 'yar ƙwalla. Amma da mafarkin ya sake dawowa ranar Asabar, da rana kuma, komai iri ɗaya, sai tsoro ya shige ni. Na ce shi ke nan, kofin nan nawa ne, mutuwa ce Mama ta zo sanar da ni. Kai, ku zo ku ga ibada! Ni da addu'ar safe ke gagarata sai na yi ta hamma, na koma tashin yara ƙarfe biyar, na je aka auna mini jini, na nuna wa Maman Alheri inda takardun filinmu suke. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Baban Alheri, in tuba za ka yi ka tuba a hankali, kana tsorata mini yara.” Da na ba ta labarin mafarkin sai ta daina dariya, ta ce in je in ga fasto.

Faston nan yaro ne a kaina, mai sanyin magana, kuma ina ɗan raina shi a lokacin, Allah Ya gafarta mini. Ya saurare ni har na gama. Ya ce shi ba mai fassara mafarki ba ne, kuma ba kowane mafarki ne saƙo ba, wani tuwon dare ne kawai, wani kewa ce. Amma a iya saninsa, in Allah Ya taɓa mutum ta mafarki ba don Ya firgita shi ba ne, yakan tura shi ne ga wani abu da Maganar Allah ta riga ta ce a yi, shi kuma bai yi ba. Sannan ya ce, “Sakatare, ka je ka duba ko akwai wanda ka riƙe wa haƙƙinsa.” Raina ya ɓaci. Ni? Ni da ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba? Na yi masa godiya ta fatar baki na fito, ina cewa a raina yaran yanzu an ba su kwalar fasto amma ba su san manya ba.

Ranar Talata mafarkin ya zo na uku. Wannan karon da na ce ga ɗaya kin bari, sai ta miƙe, ta goge hannu a zaninta, ta matso dab da ni, ta sa yatsa ta dangwali ƙirjina ta hagu sau biyu, yadda take yi in ta kama ni da ƙarya ina yaro. Na sunkuya na dubi wurin, sai na ga ashe kwat mai ruwan ƙasa ne a jikina, wanda rabona da shi tun kafin tumbi ya fito mini. Ba faɗa a fuskarta, tausayi ne, irin kallon da uwa ke yi wa ɗan da ya girma amma bai canza ba. Ta ce, “Sai-anjima, har yanzu?”

Na farka ina kiran Maman Alheri, ina kwat ɗin nan nawa na da? Ta ce yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, da ma tana shirin bayar da shi. Na jawo akwati, na zazzage kaya a ƙasa, na sa yatsu biyu a aljihun gaba. Takardar na nan a ninke huɗu, ta yi laushi, tawadar ta koɗe amma ana karantawa sarai. Rubutuna ne mai kyan nan da nake taƙama da shi: a maido da Iliya ranar Lahadi, dattawa sun amince. Ga sa hannun tsohon fasto a ƙasa. Na zauna daɓas a kan kayan.

Yanzu ga inda nake so ku ji ni da kyau, don nan ne abin kunyar ya fi. Kuna tsammani na tashi a guje na nufi Sabon Gari ko? Ban je ba. Na mayar da takardar aljihu na ce sai na yi tunani. Wani tunani ya ce in ƙone ta, wa ya sani? Wani ya ce in kawo zancen a zaman dattawa kamar ni ne mai tausayin da ya tuna da tsoho, a maido shi, har a yaba mini. Ina ta juya yadda zan fita ba tare da sunana ya ɓaci ba, Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce, har Asabar, ina addu'a da safe da bakin da ya san gaskiya ya yi shiru. Maman Alheri, da ta ga takardar tun ranar farko, in ta ajiye mini abinci ba ta zama kusa da ni kamar da.

Lahadin ta kama ranar Jibi. Na ɗauki tire ina zagayawa, na ce yau in na isa bencinsa ko ba a karanta ba sai na miƙa masa. Na isa, benci wayam. Na tsaya riƙe da tire kamar wanda aka dasa har dattijon da ke bayana ya taɓa ni. Bayan sujada na tambayi mai tsaron ƙofa, ya ce ai Baba Iliya Lahadi uku ke nan bai zo ba. Lahadi uku, ni ban ma lura ba.

Washegari ban je aiki ba, na sauka PZ na tarar da rumfarsa a rufe, an jingina wani tsohon kan keken ɗinki a bakin ƙofa ruwa ya dake shi. Maƙwabcinsa, Alhaji Sani mai sayar da zare da maɓallai, ya ce ciwo ya kwantar da shi, ƙafafu sun kumbura, asibiti sun sallamo shi ya koma gida can unguwar Zabi, shi Alhajin jiya ma ya je dubo shi kuma jikin ba daɗi. Ya kwatanta mini gidan, sannan ya tambaye ni ko daga cocinsu nake. Na ce e. Ya ci gaba da jera zare, can ya ce, “Shekara ashirin muna maƙwabtaka da mutumin nan, ban taɓa jin ya cuci tela ko na ƙwayar noti ɗaya ba. Ya ce mini wai laifi ya yi kuka ajiye shi a baya. To in Iliya ne mai laifinku, masu kirkinku sai dai mala'iku.” Na tari acaɓa na nufi Zabi.

Matarsa, Mama Talatu, na tarar a tsakar gida tana tankaɗe. Ita ta daina zuwa majami'armu tun shekara biyar saboda abin da aka yi wa mijinta, ta koma wata kusa da gida. Ta amsa gaisuwata a taƙaice ta nuna mini ɗaki da haɓa. Na shiga. Yana kwance a kan gado an tokare shi da matashi, ya ƙara ƙanƙancewa, amma an yi masa aski, an sa masa riga mai tsabta, ga kuma rigarsa ta mawaƙa, fara mai shuɗin wuya, a rataye jikin ƙusa an wanke an goge. Yana ganina ya yi murmushi ya ce, “Sakatare, ka iso. Tun Talata nake sa Talatu ta share ɗakin nan.”

Ban tsaya tambayar me yake nufi ba. Na durƙusa a gaban gadon da kwat ɗina da komai, na fito da takardar, na karanta masa, na faɗa masa ranar da aka rubuta ta da inda ta kwana shekara bakwai, har da abin da na ce a raina da na dawo daga Ibadan, har da kwana biyar da na yi ina neman hanyar ɓoyewa. Ban rage komai ba. Ya karɓi takardar ya riƙe, bai iya karatu sosai ba amma ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, a hankali, “Ashe tun tuni aka yafe mini.” Hawaye ya bi gefen idonsa ya shiga kunne. Ya ce shi duk shekarun nan ya ɗauka dattawa sun hango wani abu ne a zuciyarsa da shi bai gani ba, sai ya yi ta bincike, duk abin da ya samu ya tuba, ya gyara, ya sake jira. Wannan magana ta fi mari zafi, na kifa kai a bakin gadon na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar Mama.

Sai na ji hannunsa a kaina, yana shafawa kamar ni ne marar lafiyan. Ya ce in bar kuka, ai an riga an gaya masa ina zuwa. Na ɗago. Ya ce kwanakin nan in ya ɗan runtsa da rana wata dattijuwa takan zo ta zauna a bakin gadon nan, ba 'yar ikilisiyarmu ba ce, bai santa ba, tana riƙe da ƙaramin kofi ta rufe shi da tafin hannu kada ƙura ta shiga, kuma a bayan hannun akwai tabon ƙuna. Sau uku ta zo. Ranar Talata ce ta yi magana.

“Ta ce mini, ‘Ka ƙara haƙuri, ɗana zai kawo maka. Yana da kirki, nawa ce da shi.’ Har ta faɗi sunanka, wani suna mai ban dariya.” Ya lumshe ido yana tunowa. “Sai-anjima. Haka ta ce.”

Jama'a, tsigar jikina ta tashi tun daga tafin ƙafa har gashin kai, har yanzu da nake rubuta wannan sai da ta sake tashi. Mutumin nan bai taɓa ganin mamata ba, ko hotonta babu a gidana don ba ta yarda a ɗauke ta, ba ɗan yankinmu ba ne, kuma sunan nan duk Zariya ba mai saninsa. Na tambaye shi wane hannu ne mai tabon, ya ɗaga na dama.

Mama Talatu ashe tana bakin ƙofa ta ji komai. Ita ba ta shafa mini kai ba. Ta ce shekara bakwai tana cewa ya je ya tambaya yana cewa ba a tambaya, shekara bakwai mijinta na rera waƙoƙin sujada a rumfa cikin ƙarar keke don an hana shi rerawa a gaban Allah, ashe duk a aljihun wani mai biro uku abin yake. Ta ce shi ya yafe don shi Iliya ne, ita kuwa sai ta ga dama. Ban ga laifinta ba ko kaɗan.

Daga nan gidan fasto na wuce kai tsaye, ban ce sai anjima ba. Washegari da la'asar muka dawo da shi da dattawa biyu, da burodi da kofuna a 'yar jaka. Baba Iliya ya ce sai an sa masa rigar mawaƙa tukuna, aka sa masa, ta yi masa yawa. Fasto ya kama hannunsa ya ce ikilisiya ta karɓe shi, sannan ya juyo ya miƙo mini kofin ya ce ni zan ba shi. Hannunsa ba ƙarfi, ni na riƙe masa har ya shanye, ya lashi leɓe kamar yaro. Sai ya ɗauko waƙa. Muryar ta dushe, numfashi na yankewa, amma zurfin nan na nan, muka bi shi, har na ji Mama Talatu daga tsakar gida ta kama amshi ba ta sani ba.

Ranar Lahadi na hau karanta sanarwa, ban yi gyaran murya ba. Na faɗa wa jama'a abin da na yi da bakina, na karanta takardar yadda take, na ce ta makara shekara bakwai kuma ni na makarar da ita. Baba Iliya ba ya iya tasowa daga Zabi, na ɗauka ba wanda zai fito, sai ga Mama Talatu ta miƙe daga bencin baya, ban ma san ta zo ba, ta tako har gaba a madadinsa, fasto ya kama hannunta, mata suka saki guɗa suna kuka. Ko kallona ba ta yi ba, sai da aka yi kusan shekara kafin ta fara amsa gaisuwata da sakin fuska. Ni kuma na ajiye biro na roƙi dattawa su yi mini abin da ake yi wa kowa, suka ba ni wata uku a bencin baya. A nan na san yadda tire ke wuce mutum.

Baba Iliya ya yi kwana goma sha tara bayan nan ya rasu, da rigar mawaƙa aka binne shi, Alhaji Sani ya rufe rumfa ya zo har maƙabarta. Kwana biyu kafin rasuwar na sake ganin Mama, tana wanke kofin nan na ƙarshe, ta ɗaga shi ta duba, ta kife a tire tare da sauran, ta ɗauki robarta ta fita ta ƙofar gefe.

Na tambayi masu ilimin tauhidi, wani ya ce matattu ba sa dawowa, Allah ne Ya ari fuskar da Ya san zan saurara, wani ya ce zuciyata ce ta tuna abin da kaina ya manta. Na yarda zuciyata na iya tuna takarda, amma ban san yadda za ta je Zabi ta gaya wa tsoho sunana na yarinta ba. Na bar wa Allah saninsa. Horona ya daɗe da ƙarewa, amma har yau a bencin baya nake zama da son raina, don daga can ne kake ganin wanda ya sunkuyar da kai aka wuce shi, da wanda ya yi Lahadi uku bai zo ba.

Shawarata gare ku, 'yan'uwa, kada ku zama masu bin kowane mafarki kuna neman mai fassara, amma in wani ya nace muku, kafin ku fara neman maƙiyi ko ku tsorata da mutuwa, ku fara laluba aljihunku. Wata gafara ce da aka ba ku ku isar, ko gaisuwa, ko kalma ɗaya da wani ke zaune yana jira, shi ba zai tambaya ba. Ku kai masa yau, tun yana iya haɗiya.

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan bayan shekarun nan duka shi ne, makon jiya ranar Alhamis, ana yayyafi, na miƙe a doguwar kujera bayan abinci. Na sake ganinta a gaban bagade da robarta, ta wanke duka ta kife, saura ɗaya a gefe a cike. Na zazzage akwatunan gidan nan, na bi tsofaffin littattafan zama shafi-shafi, na kira mutum shida a waya na ba su haƙuri a kan abubuwan da wasunsu sun ma manta. Har yanzu ban gano mai kofin ba, kuma Lahadi mai zuwa Jibi ne.